Amsar da Ta Kwana Goma a Cikin Waya

Aboabo, Kumasi
Asabar, 14 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Najiba 'yar Malam Muniru, hasken ɗakina, sanyin ƙirjina, farin goron da ba a dace da irinsa sai an kwance huhu goma, ruwan farkon damina da ke sauka a kan kwanon rufi ya sa mai zazzaɓi barci! Zuwa ga matata, ma'ajiyar sirrina, wadda na ɓata wa rai alhali ban kai darajar ƙurar takalminta ba. Assalamu alaiki. Sannu, Najiba. Sannu da jiki. Sannu har adadin ɗigon ruwan da ya zuba a garin nan tun ranar da kika bar shi.

Da biro da takarda nake rubuta miki wannan, a kan teburin shagona, da hantsi. Alhaji Brimah, mai kai atamfa da busasshen kifi shagunan mutanenmu a Ingila, zai tashi jibi Litinin, kuma ya yi mini alkawari da hannunsa zai miƙa ta ga ƙawarki Kadijatu. Ki karanta a hankali, idan ɗinkin ya bar ki ki zauna. In kin gaji ki ajiye. In kin ga dama ki yaga, ba zan ga laifinki ba, amma don Allah ki kai ƙarshe tukuna.

Wata goma sha huɗu ke nan da kika ɗauki jakarki kika tafi Ingila aikin jinya, kuma wallahi ban san mutum na iya zama shi kaɗai a Aboabo ba sai a bayanki. Ina ake samun kaɗaici a unguwar da in ka yi atishawa gida uku za su yi maka addu'a? Ga dakan fufu ta bayan katanga, ga rediyon maƙwabta, ga masu babur, ga karatun makarantar kan kwana. Amma da zarar na tura ƙofar ɗakinmu, duk wannan sai ya tsaya a waje kamar takalmi. Na daina cin abinci a gida, don ƙarar cokali ɗaya a kwano ɗaya ta fi ƙarfina. A tsaye nake cin wake da shinkafa a bakin titi, kamar matafiyin da mota ke jira. Da yamma idan jemagun nan na wajen kasuwar Kejetia suka tashi suka rufe sama, dubu bisa dubu, kowanne da wanda yake bi, sai in tsaya a ƙofar shago ina kallonsu har wuyana ya sage. Ke ce kike ce mini in sauke kaina kafin ɗaya ya yi mini tsaraba a ido. Yanzu wa zai hana ni?

Kin tuna tashar Race Course, shekara goma sha ɗaya da suka wuce? Na je karɓar kwalayen takardar bugu da aka ɗoro mini daga Accra, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka har idon sawu. Ƙarfen da aka ɗaure kwali da shi ya yanke mini tafin hannu, jini ya ɓalle, na tsaya ina kallonsa kamar na wani. Sai ga ki kin fito daga rumfar wata mai doya, cikin koren kayan ɗaliban jinya, kin jiƙe sharkaf, kika daka mini tsawa: "Malam, ɗaga hannun sama! Jini ne fa, ba ruwan famfo ba!" Kika yage gefen ɗankwalinki kika ɗaure, kika ja ƙullin da haƙori. Ko fuskata ba ki kalla ba. Ni kuwa ban sake kallon ciwon ba. Mai doyar ta tuntsire da dariya ta ce da harshen Twi, wannan ɗauri ba na hannu kaɗai ba ne. Ya tauraruwar asubata, wadda ta tsayar da jinin baƙo a tsakiyar tasha ba ta ko tambayi sunansa ba, yaya aka yi ranar da naki ya zuba ba na nan?

Bari in faɗi laifina da bakina, kada wani ya riga ni. A ƙarshen watan jiya kin aiko mini da layi uku da Turanci: za ki ƙara wata shida, za ki yi mini bayani daga baya, in yi haƙuri. Na fita da abin a zuciyata na zauna a bencin mai shayi, inda bai kamata in kai maganar gidana ba. Wani ya ce nas da ta ɗanɗana sanyin can, sai dai mijinta ya riƙa ganin ta a hoto. Aka yi dariya, ni ma na yi, don kada a gane. Na dawo shago, na zauna gaban kwamfuta na buga miki: "Ki zaɓa, ko Ingila ko ni. Ina jiran amsa." Kuma ki ji ikon Allah, layin nan da ke wahalar da ni kullum, ranar ya buɗe tas kamar titi da asubar Lahadi. Kafin in ɗauke yatsana maganar ta haye teku. Mugun abu bai sha wahalar hanya ba, Najiba. Alherinki ne ya maƙale.

Kin san yadda shagon yake. Layin waya ɗaya tal, shi masu kira ke amfani da shi, shi kuma kwamfuta ke bi ta modem ta shiga intanet, da wannan kuka nata mai kama da taron kwaɗi da gyare bayan ruwa. Ranar Talata, uku ga wata, na buɗe akwatin imel, sai ta rubuta mini cewa ana karɓar saƙo na ɗaya cikin ɗaya. Ɗan shuɗin zaren nan da ke nuna tafiyar saƙo ya fara rarrafe. Minti goma, minti ashirin, ko rubu'in hanya bai kai ba. Ban taɓa ganin saƙo mai nauyin haka ba. Ina zaune na ƙura masa ido, sai ƙit, layi ya katse. Na sake bugawa, modem ya yi kukansa, ya shiga. Sai na ga zaren ya koma farko! Abin da ya fi ƙona rai ke nan: ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya. Kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi ne, sai ya hango ruwa ya kusa baki igiya ta kuɓuce, guga ya koma ƙasa. Sau bakwai na ja ranar, sau bakwai ya koma.

Washegari ta ce saƙo na ɗaya cikin biyu. Kafin mako ya zagayo ta ce na ɗaya cikin huɗu. Wasu na taruwa a baya, amma ba hanya, don tsarin wasiƙun da ke kwamfutata tsoho ne, bai san tsallake ba, bi da bi yake karɓa kamar layin bokiti a bakin famfo. Na kira ofishin kamfanin da ke ba ni intanet. Wata mata ta duba, ta ce saƙon farko daga adireshin Najiba yake, an sa masa suna "Amsa", kuma nauyinsa ya kai mega shida, wanda a irin layina sai ya yi fiye da awa guda ba katsewa kafin ya sauka. Sauran ƙanana ne, in ji ta, amma ya tare su kamar tirelar da ta mutu a kan gada. In na yarda, yanzu ta goge shi, sauran su wuce cikin minti ɗaya. Na daka wa baiwar Allah tsawar da har yanzu nake jin kunyarta. A goge amsarki? A goge abin da hannunki ya taɓa? Na kife waya. Ban ma tambaye ta ƙananan daga wa suke ba. Kaico, da na tambaya!

Na kira Fataw, abokina mai gyaran kwamfuta a Asawase, mutumin Tamale nan da ya yi mana wayarin wutar ɗaki. Allah Ya saka masa, ba abin da bai gwada ba. Ya canja igiyar da ke tsakanin modem da bango. Ya rage wa modem gudu, wai gara tafiyar hawainiya da faɗuwa. Ya ƙara wa kwamfutar lokacin jira don kada ta yi saurin fid da rai, ya tsayar da abin da ke binciken cuta a saƙonni, wai shi ma yana riƙe su a ƙofa. Ya bi wayar da ido har wajen da ta haɗu da ta kan falwaya, ya nuna mini inda ruwan damina ya shiga mahaɗin har ƙarfen ya yi kore. Daga ƙarshe ya ɗauki kan tarhon ya kara a kunne, ya ce tsohon kan nan yana ƙara wa layin shuu, in zare shi duk lokacin da kwamfuta ke aiki. Na zare, na naɗe masa igiyarsa a jiki, na ɗora shi a kan kanta kusa da kwalbar tawada. In mai kira ya zo in jona masa, yana gamawa in zare. Ki riƙe wannan, ya sanyin idona, don a nan na yanka kaina da wuƙata.

A rana ta huɗu Fataw ya gaji, ya share gumi, ya ce mini da Hausarsa ta Tamale: "Tahiru, ka bar wahala. Hau trotro, motar hayar nan, ka tafi Adum. Akwai babban shagon intanet mai farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, minti biyar ka ga abin da matarka ya rubuta." Na ce masa ba zan bar shago ba kowa ba. Ƙarya nake yi. Gaskiyar ita ce, na ɗauka takardar neman saki ce. Na ce a raina, me zai yi nauyi haka in ba takardun lauyoyin Turawa ba, da hatimi da sa hannu? Ban so in karanta mutuwar aurena a tsakiyar 'yan jami'a, kowa na leƙen allon ɗan'uwansa ba. Kuma kina da haƙƙin ki tambaye ni: to me ya hana ka ɗaga waya ka kira? Lambar masaukinku na nan a aljihuna, takardar har ta yi laushi. Tsoro ne, Najiba. Tsoron in ji abin a muryarki. Muddin saƙon na kan hanya, ni mijinki ne. Ina roƙon Allah ya sauko, ina kuma jin wani mugun sauƙi duk lokacin da ya katse. Wane irin namiji ne wannan? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Haka na yi ta yi. Daga masallacin asuba sai shago, don an ce da sassafe layi ya fi tsabta. Ran Asabar ya kai kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari, na miƙe tsaye ina salati, sai aka ɗauke wuta. Ran Litinin hadari ya taso daga gabas, tsawa ɗaya ta kashe shi. Waɗannan na gane musu. Amma akwai wani katsewa da na rasa kansa. Kullum wajen ƙarfe ɗaya da kwata, ana shirin kiran azahar, rana tsaka, ba ruwa ba iska, sai modem ya yi wata 'yar shaƙuwa ya mutu. In sake bugawa, bayan minti biyu ya sake mutuwa. Sau uku, sau huɗu, sannan ya lafa. Na zagi kamfani, na zagi falwaya, na zagi wanda ya ƙera modem da kakansa. Har cewa na yi wani aljani ne ke wucewa ta layin a wannan lokaci, ya je sallah.

Jiya Juma'a, mun sauko daga masallaci ni da Fataw, na kunna kwamfuta ke nan, sai ga ƙanwarki Barkisu ta faɗo shagon ko sallama babu, mayafinta a hannu, idanunta jawur.

"Yaya Tahiru, wane irin mutum ne kai? An yi wa Yaya Najiba aiki jiya! An yanka ta! Kwana tara tana kiran wayar nan, tana ji tana ringin, ka ƙi ɗauka!"

Na ce, "Wane aiki? Wace waya? Wallahi ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya."

"Kadijatu ce ta kira salular maƙwabcinmu ɗazu. Ta ce kullum da hutun rana Yaya Najiba take zuwa ta tsaya a bakin wayar asibiti, ta buga, ta buga, ta koma bakin aiki tana share ido. Ta hana a gaya mana komai, wai sai mijinta ya fara sani!"

Sai idona ya sauka a kan kanta. Ga shi nan zaune, baƙi, da igiyarsa naɗe a jiki kamar gawa a likkafani. Fataw ya dafe kai da hannu biyu, ya ce innalillahi. Ya ce layin nan yana da tsarin da ke ƙwanƙwasa wa mai magana in wani kiran ya shigo, kuma wannan ƙwanƙwasawar ce ke kashe modem. Da kan tarhon na jone, da layi na katsewa zai yi ƙara in ɗauka. Ƙarfe ɗaya da kwata a Kumasi, biyu da kwata a wajenku. Ashe ke ce, Najiba! Ke ce kike ƙwanƙwasa ƙofata kullum, ni kuma ina ciki ina zagin mai ƙwanƙwasawa, ina ƙara tura sakata, wai ina jiran ki!

Ban san yadda na isa Adum ba. Na dai tuna na bar shago a buɗe, na tuna direban tasi yana tambayata ko mutuwa aka yi. Shagon cike yake, sanyin na'ura kamar cikin firji. Matar da ke kula da wurin, wata 'yar Asante mai tabarau, ta zaunar da ni, ta nuna mini yadda zan buɗe akwatina kai tsaye ba sai na bi layin bokiti ba. Ga su nan a jere, sun zama biyar. Na danna na farko. Abin da ya gagare ni kwana goma, ko minti huɗu bai yi ba. Ya fara buɗewa daga sama, sannu a hankali, kamar wayewar gari a kan tudu. Ba hatimi, ba lauya. Takarda ce mai layi-layi, shafi huɗu, an ɗauki hotonta da na'ura. Kuma rubutunki ne, da ajami, irin wanda kika koya a zauren mahaifinki, da wannan lanƙwasar da kike yi wa wasali kamar ƙahon ɗan rago.

Na haddace shi, Najiba, ba sai na duba ba. "Malam, ba zaɓi tsakaninka da wata ƙasa. Na zauna gaban kwamfuta sau uku in gaya maka, Turanci ya ƙi ɗaukar maganar, shi ya sa na koma ga alƙalami." Kika ce likitocin asibitin da kike aiki sun gano ƙari a mahaifarki, ya kai girman ƙaramar gwanda. Shi ne ya ci mana cikin nan biyu. Shi ne jinin da kike ɓoye mini tun kina gida, kina wanke zanen gado kafin in dawo daga masallaci. Kin yi shiru ne don kin ga yadda fuskata ta koma bayan ɓari na biyu, ba ki so ki sake ɗora ni a kan bishiya reshe ya karye. Wata shidan na jiran aiki ne da jinya. Kika ce za su yi ƙoƙari su cire ƙarin su bar mahaifar, amma in jini ya ƙi tsayawa za su ɗauke duka, kuma sai kin sa hannu a kan haka. "Ba na so in sa hannu ba da izininka ba. Ka kira ni. In ba za ka iya ba, ka yi mini addu'a ranar Alhamis, sha biyu ga wata, ƙarfe tara na safe."

Ƙarfe taranku, takwas ɗinmu. Kin san inda nake a lokacin? Ina kan tsani a bayan shago, da salatif a baki, ina naɗe mahaɗin waya, ina tsaki. Ana tura ki a kan gado mai taya ta dogon lungu, ƙarƙashin fitilun da ba su san sunanki ba, a ƙasar da ba mai ce miki sannu da harshenki sai mutum ɗaya, ni kuma ina faɗa da tsatsa! Ko Fatiha ɗaya ban aika miki ba. Na kifa kaina a kan teburin mutane na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. 'Yan jami'ar da nake jin kunya, ba wanda ya yi dariya. Matar nan ta kawo mini ruwa a kofi ta ce, "Kafra, Wofa," wato sannu, kawu, ta juya allon kaɗan don kada a ga sirrinki.

Sai na buɗe ƙananan. Biyu na masu ba ni aikin bugu ne. Na uku naki ne, layi ɗaya, ranar Litinin: "Malam, ka ɗauki waya ko da zagina za ka yi." Na ƙarshe na Kadijatu ne, ranar Alhamis da yamma. Ta ce an gama, kin zubar da jini da yawa amma likitoci sun gamsu, kin farfaɗo. Ta ce kalmar farko da kika yi bayan salati ita ce, "Ya kira?"

Ban kira ba, ya rabin raina. Amma jiya kafin magariba na kira. Wata nas ta ɗauka a ɗakin da kike, ta ce kina barci, kuma ba waya a bakin gadonki, sai kin iya takawa zuwa ta lungu. Sau uku na jera mata haruffan sunana. Na ce ta gaya miki mijinki ne, ta gaya miki bai sani ba, ta gaya miki... sai Turancin ya ƙare mini, kamar yadda ya ƙare miki. Na samu Kadijatu ta wayar masauki. Ba ta sakar mini murya ba, kuma tana da gaskiya. Ta ce wataƙila gobe ko jibi ki fara takawa. Na ce za ki kira? Ta ce, "Wannan kuma sai ita."

Daga nan na wuce Asawase wajen Baba, mahaifinki. Na same shi a zaure bayan sallah, na durƙusa, na gaya masa komai, har maganar da na rubuta miki, kalma da kalma, ban rage ba. Ya ci gaba da jan carbinsa. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Can ya ɗago ya ce, "Tahiru, ni ba ni ka yi wa ba. Tashi ka je ka zauna kusa da wayarka."

To ga ni, Najiba. Ga abin da nake roƙo, ga kuma abin da na ɗauka wa kaina. Waccan magana na janye ta, na tofar, na taka ta da ƙafa. Ba zaɓin da ke gabanki. Izinin da kika nema na ba ki shi a makare, na ba ki na jiya da na yau da na duk abin da zai zo, jikinki ne, ranki ne, kuma ranki nake so. Kadijatu ba ta faɗi abin da likitoci suka ɗauka da abin da suka bari ba. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Ranar da kika so ki faɗa, ki faɗa. In Allah Ya ba mu ɗa, mun gode. In bai ba mu ba, wallahi tallahi ke kin ishe ni gida, kin ishe ni dangi, kin ishe ni zuriya. Wa ya taɓa raina kogi don bai haifi wani kogi ba? Wa ya ce wa wata ya kawo ɗa kafin a yi murnar ganinsa? Ki zauna ki warke, wata shida ko shekara, kada ki ɗaga ko buta don saurin dawowa. Ki ci abinci ko ba daɗi. Ki bar Kadijatu ta yi miki faɗa. Kuma in kin tashi yafe mini, kada ki yi don tausayi ko don an ce miki mijinki ne. Ki bari sai zuciyarki ta sauko da kanta, zan jira ta.

Na zare modem na sa shi a cikin kwali. Kan tarhon na kan tebur a gabana, na goge shi, kuma bini-bini sai in ɗaga in ji ko layin na da rai, in yi maza in mayar don kada a ce a wannan daƙiƙar kika buga. Da safen nan na ɗauko kwali zan rubuta cewa waya ta lalace, don masu kira su nemi wani wuri. Sai na ga na gaji da ƙarya. Na rubuta: "Ba kira yau. Ina jiran matata." Na rataye a ƙofa. Wallahi na zaci za a mai da ni abin dariya a unguwa. Hajiya Rakiatu mai koko ta zo za ta kira ɗanta a Tema, ta sa aka karanta mata, ta dube ni, ta juya ta tafi. Jim kaɗan ta dawo da koko da ƙosai ta ajiye mini, don kada yunwa ta tashe ni daga nan. Liman ya aiko cewa in yi sallolina a shago, Allah Ya san uzurina. Yanzu duk wanda ya wuce, mai babur, mai tallan burodi, har mutanen bencin mai shayi, sai ya rage tafiya ya leƙo ya ce, "Malam Tahiru, ta kira?"

Ina ce musu tukuna.

Tukuna nake cewa, Najiba, ban ce a'a ba. Kuma haka zan yi ta cewa gobe, da jibi, da ranar da wannan takarda za ta iso hannunki, da bayanta. Kada ki taka sai ƙafarki ta yarda. Amma ranar da kika kai bakin wayar nan ta lungu, ko ba za ki ce komai ba, ki buga. Ki yi shiru in ji numfashinki. Ba za ta yi ƙara ta biyu ba.

Naki, a nesa da kusa, cikin fushinki da yardarki, har ranar da za a miƙe ni a dama ina fuskantar gabas, kuma in Allah Ya karɓi roƙona, har bayan nan,

Mijinki,
Tahiru